Giwar da ba ta tsoron sauro, da mikiyar da ke rage nama

Manyan gidajen sarautar Italiya sun ɗauki wata al'ada tun wajen 1440: a narka tagulla, a zuba lamba mai faɗin tafin hannu, gaba fuskar mai gida, baya kuma sau da yawa dabba da 'yan kalmomi. Ba kuɗin kashewa ba ce. Kyauta ake yi da ita ga aminai da jakadu, wani lokaci a binne ta cikin harsashin gini don na baya su tono. Pisanello ne gwanin da ya fito da wannan sana'a fili.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mun san mai da sarki zaki ko toron giwa a bakin maroƙi. Kirari ne, sai dai nasu a ƙarfe yake, kuma mai gida da kansa ke zaɓen dabbarsa. Wannan zaɓin ne ya dame ni, domin a ciki ake gane abin da mutum ya ɗauki mulki.

Dubi gidan Malatesta na Rimini da Cesena. Giwa ce tambarinsu, takensu kuwa: giwar Indiya ba ta tsoron sauro. Yana nan sassaƙe a ɗakin karatun da suka gina a Cesena, kuma giwar na bayan lambar Isotta, wadda Sigismondo Malatesta ya aura. Maganar tana da daɗi a kunne, amma su wane ne sauron? Abokan gaba, da duk mai ƙorafi. Gidan da ya ɗauki masu sukarsa ƙwari ya toshe kunnensa ke nan. Sigismondon nan Paparoma Pius na Biyu ya kore shi daga coci, aka ƙona mutum-mutuminsa a Rum a 1462, ya mutu a 1468 da ƙyar yake riƙe da Rimini kaɗai.

Sarkin Faransa Louis na 12 beguwa ya ɗauka, da taken "kusa da nesa", saboda a lokacin an yarda beguwa na harba ƙayarta. Alessandro na gidan Medici, mai mulkin birnin Florence a Italiya, ya zaɓi karkanda, ya ce ba ya komowa sai da nasara. A 1537 ɗan'uwansa na dangi ya kashe shi a cikin ɗaki. Duk barazana ce, kuma barazana ba ta ɗora wa mai ita nauyin kowa.

Wadda nake girmamawa ita ce lambar da Pisanello ya yi wa Alfonso na Biyar, sarkin Aragon (a Spain ta yau) da Naples, a 1449. Mikiya ce zaune bisa kututture, abin farautarta kwance a ƙasa, wasu tsuntsaye masu cin nama sun kewaye suna jira, an rubuta "karamcin sarki". Imaninsu shi ne mikiya ba ta cinye abin da ta kama, tana rage wa na ƙasa da ita. Ban ce Alfonso waliyyi ba ne. Da yaƙi ya ci Naples a 1442. Amma ya miƙa wa mutane ma'aunin da za su auna shi da shi. Wanda aka hana haƙƙinsa zai iya ɗaga lambar ya ce, ranka ya daɗe, ina rabonmu? Da giwar Malatesta ba ka da abin ɗagawa.

Haka nake kallon alamar Brittany, wani yanki a arewa maso yammacin Faransa: ƙaramar dabba mai farin gashi da aka ce gara ta tsaya a kama ta da ta ratsa taɓo, da taken "gara mutuwa da ƙazanta". Wannan kan mai ita take hawa kafin kowa.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa duk ado ne da alfahari ba. Wasu iyayen sun bar wa jikokinsu dabba mai cizo, wasu sun bar musu bashi. In aka nuna mini tsohuwar lamba, kafin in yaba kyan aikin maƙeri, sai na karanta rubutun na ga ko baƙo yake tsoratarwa ko ɗan gida yake ɗaurewa.