Kuɗin kallon ƙwallo ta intanet

Wani labari da na gani ya ce kamfanonin da ke nuna wasanni kai tsaye ta intanet suna ta ƙaruwa, kuma haka ne, domin a 2019 Amazon ya fara nuna wasanni 20 na gasar Firimiya kowace kaka a Birtaniya. Abin da ke damuna shi ne, idan aka raba gasa ɗaya tsakanin kamfanoni, mai kallo ne zai biya kuɗin wata sau biyu ko uku. Mu a Najeriya kuwa ga kuɗin data, wanda ya tashi tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Shi ya sa har gobe matasan unguwarmu gidan kallo suke tafiya.