Karatun yara a gida: a fara da ba, be, bi kafin "A for Apple"

Duk wanda ya bi layin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ya tsaya a danja 'yan talla suka yanyame masa mota, ya san kayan. Ga babbar takarda mai ƙyalli ta liƙawa a bango, tuffa a farkonta, jakin dawa a ƙarshenta. Ga littafin bin ɗigo-ɗigo. Ga 'yar kwamfutar roba mai batir da ke rera haruffa da muryar Baturiya. Iyaye na saye da kyakkyawar niyya, musamman tun 2020 da korona ta rufe makarantu wata da watanni, uwa ta zama malamar dole. Yanzu kuma tsadar kuɗin nazare ta sa gidaje da dama sun gwammace su riƙe yaro a gida har ya isa shiga firamare.

Ra'ayina shi ne yawancin wannan kuɗi asara ake yi, domin an fara daga inda bai kamata ba. Littafin farko da za a ɗora wa yaro Bahaushe a cinya ya kasance na Hausa.

A gwada wannan a gida. A kira yarinya 'yar shekara biyar da ta haddace takardar bangon nan tun daga A har Z, tana rerawa baƙi na tafa mata. A rubuta mata "baba" a ƙasa da tsinke, a ce ta karanta. Galibi sai ta yi zuru, ko ta ce "B for Ball". Waƙa ta haddace, kuma ba laifinta ba ne. Babu wanda ya taɓa nuna mata cewa harafi sauti yake ɗauke da shi, kuma in an jera sautuka kalma ce ke fitowa.

Rubutun Hausa na boko ya sauƙaƙa wannan mataki ƙwarai. Wasula biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya duk inda ya faɗo. Yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya ƙara da ka da ma da ta, a ranar zai iya haɗa "kaka", "mama", "tabo", kuma da ya furta ya san abin da ya karanta, don kalmomin gidansu ne. Turanci bai da wannan rangwame: harafi guda kan sauya sauti daga kalma zuwa kalma, ga shi yaron bai san ma'anar kalmar ba balle ya gane in ya yi kuskure. An haɗa masa aiki biyu a lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe. Malaman allo ba su taɓa yin wannan garaje ba. Sai yaro ya gama babbaƙu a kai shi farfaru, sannan a saki masa karatu.

Ba sabon tunani ba ne. Shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da aka gudanar a Katsina da Zamfara, da littattafan "Mu Karanta!" da aka raba a firamaren Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka, duk a kan wannan turba aka gina su: sauti, gaɓa, kalma, jimla, sannan gajeren labari, da Hausa. In kina da 'yar uwa malamar firamare a waɗannan jihohi, tambaye ta ko akwai ragowar kwafi. Ya fi miki kayan danja amfani nesa ba kusa ba. A intanet ma akwai African Storybook da StoryWeaver, masu gajerun labaran yara da hotuna kyauta, har da na Hausa. Sai dai a tace, don wasu fassara ce mai ƙarnin Turanci, wasu kuma an zubar musu da ƙugiyoyin ɓ, ɗ da ƙ. Littafin da ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ruɗa mai koyo zai yi, a ajiye shi.

Na san abin da wani uba zai ce: jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta, haka WAEC da JAMB, kuma ɗan maƙwabci tuni yana gaisuwa da Turanci. Damuwar gaskiya ce, kuma gwamnati ba ta taimaka ba. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da komawa Turanci. Amma dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyon ta a rayuwa. Wanda ya iya ta da Hausa yana tafiya da ita cikin Turanci, haruffan ma kusan duk su ne. A wannan shekaru Turanci ya shigo ta kunne: gaisuwa, sunayen abubuwa, 'yan waƙoƙi. Rubutunsa ya biyo baya. Sauri kan haifi nawa, kuma mun gani a ajin huɗu da biyar, inda yara ke kwafar allo tsaf ba tare da sun iya karanta abin da suka kwafa ba.

Kayan wasa kuwa, ma'aunina ɗaya ne: wa ke yin aikin, yaron ko abin wasan? Na'urar da ake latsawa ta yi magana ita ke aiki, shi ɗan kallo ne. Murafun kwalba talatin a cikin gwangwani sun fi ta: a ware su launi-launi, a raba wa mutum uku daidai, a ga ko akwai saura. Tsinkayen tsintsiya a ɗaure su goma-goma da kyauro, sai yaro ya gani da idonsa cewa 23 ɗauri biyu ne da tsinke uku. Carafke na koyar da ƙirga da saitin hannu. Ɗan shekara bakwai zai iya zama gaban gurabe talatin na dara da 'ya'yansa goma sha biyu, ya koyi tunani kafin motsi. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, in aka tsaya a tsakiya aka ce "to, me kake ganin Gizo zai yi?", darasin fahimta ne cikakke. Waya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara biyu a nisanta shi da kallon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Manhaja fa? Kada a ruɗu da manyan kundaye da aka tsara wa iyalan Amurka masu karantar da 'ya'yansu a gida har su girma. A nan Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro a firamare da ƙaramar sakandare, don haka aikin gida shimfiɗa ce kafin makaranta da kuma tallafi bayan an tashi. Abin dubawa shi ne manhajar aji ɗaya ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, ko a nemi malamin ajin ya nuna abin da zai koyar a zangon farko. Minti ashirin kullum bayan la'asar ya isa. Ɗan shekara uku kuma a bar shi da gawayi da bayan kwali ya yi ta zane, a daina kama masa hannu ana cike shafin da uwarsa ce za ta ƙarasa bayan ya yi barci.