Karen da yake yi maka gudu, haƙƙin jikinsa yana wuyanka

Duk lokacin da bidiyon kare kwance ana yi masa tausa ya zagayo, maganar mutanenmu ɗaya ce: Turawa sun ƙoshi, sun rasa yadda za su yi da kuɗi. Na san inda maganar ta samo asali. Wanda ya kwana a barandar asibiti da ɗansa ba lafiya, ba zai ga kare a kan katifa ana matsa masa kafaɗa ransa ya yi fari ba. Duk da haka ina so in faɗi abin da ke raina, domin da yawa daga cikin karnukan nan 'yan wasa ne, da jikinsu suke aiki, kuma mutum ne ya ɗora musu aikin. A ganina wannan tausar ita ce mafi ƙanƙantar abin da suke bin masu su bashi.

Wasan da nake magana a kai shi ne tseren tsallake-tsallake na karnuka, wanda ake kira ajiliti. An fara nuna shi a 1978 a bikin karnuka na Crufts a Landan. Wani ɗan kwamitin bikin, John Varley, shi aka ɗora wa neman abin da zai ɗebe wa 'yan kallo kewa a tsakanin manyan gasanni, sai ya nemi wani gwanin horar da karnuka, Peter Meanwell, suka kwaikwayo tsarin tsallaken dawaki. Abin da aka kawo don cike giɓi sai ya tafi da hankalin jama'a. A 1980 ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da shi a matsayin wasa mai dokoki, a 1996 aka yi gasar duniya ta farko a garin Morges na Suwizalan, yau kuma daga Amurka har Jafan ana yin sa.

Ga yadda abin yake. Alƙalin wasa yana jera abubuwa tsakanin 15 zuwa 22 a fili, kuma kowace gasa da nata jerin. Akwai shingayen tsallakewa, akwai bututun roba mai lanƙwasa da kare zai kutsa ya fito ta ɗaya bakin. Akwai alluna biyu da aka haɗa kawunansu sama, tsayin mita 1.7, ya hau ta nan ya sauka ta can. Akwai siririyar gada mai faɗin santimita 30 kacal, da allon lilo wanda sai kare ya jira ya dira ƙasa kafin ya sauka. Sai sanduna 12 a jere, tazarar santimita 60 tsakaninsu, da zai bi yana saƙa jikinsa dama da hagu, kuma dole sandar farko ta kasance a kafaɗarsa ta hagu. Ana ba mai kare 'yan mintoci ya zagaya filin shi kaɗai ya haddace hanya. Karen bai taɓa ganin wannan jerin ba. In aka fara, babu igiya, babu abinci a hannu, ba a taɓa kare. Ya zubar da sandar shinge, laifi biyar. Ya tsallake wurin da aka bambanta wa launi a ƙarshen allo bai taka ba, laifi biyar. Ya ɗauki abin da ba shi ne na gaba ba, an fitar da su. Duk wannan cikin daƙiƙa talatin zuwa arba'in.

Wanda zai kalla, ina ba shi shawara ya bar kallon tsallen ya kalli idon karen. Yana sama bai dira ba, ya riga ya karkato kai yana duban kafaɗar mai shi. Kafaɗa ta juya hagu, ya san hagu za a yi. Mai shi ya rage gudu taku biyu kafin shinge, shi ma ya tattara ƙafafunsa ya yi gajeren tsalle don ya san kwana na tafe. Mai shi ya makara rabin daƙiƙa wajen ba da alama, karen ya wuce, kuma duk wanda ya san wasan zai ce maka laifin mutum ne. Irin wannan fahimtar juna ba a samun ta da bulala. Karen da ake duka yana tsoron kuskure, mai tsoron kuskure kuwa ba ya sakin jiki ya yi gudu. Shi ya sa horon ya ginu kan lada: ɗan yankin nama, ƙwallo, igiyar ja-in-ja da yake so, da gajerun darussa na 'yan mintoci. Wannan ɓangaren na wasan ina ƙaunarsa har cikin raina.

To amma wannan son aikin da ke sa wasan ya yi kyau, shi ne kuma inda haɗarin yake. Karen da ya fi shahara a fagen shi ne Boda Koli, karen kiwon tumaki na kan iyakar Ingila da Sikotilan. An yi shekaru aru-aru ana zaɓo irinsa don ya yini yana gudu a kan tuddai ba gajiya. Irin wannan kare ko kafaɗarsa na ciwo, in ya ga fili zai ja igiya yana kukan a sake shi. Ba zai ce maka yau a bar ni ba. Kai ne za ka faɗa a madadinsa.

Kuma raunin ba kaɗan ba ne. A wani bincike da aka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka a 2013, an tattara bayanan karnuka 3,801 masu wannan wasa, aka samu kusan ɗaya cikin uku ya taɓa jin rauni. Kafaɗa, baya, wuya da yatsu su ne kan gaba, kuma yawanci tsoka ce ko jijiya ta gurɗe, abin da ido ba ya gani. Dalilin a fili yake ga wanda ya san ginin jikin kare. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa ƙafafun gaba ke ɗauka ko a tsaye yake, ballantana in ya diro daga sama da gudu ya karya kwana nan take. Ba shi da ƙashin da ya ɗaure kafaɗa da ƙirji irin namu, tsokoki ne ke riƙe da ita. Sandunan nan 12 kuwa lanƙwasa ƙashin baya suke yi dama da hagu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. A maimaita wannan sau da yawa a mako, shekara da shekaru, dole jiki ya nuna.

Yadda yake nunawa ne abin lura. Ba kasafai ake fara ganin ɗingishi ba. Karen da bai saba zubar da sanda ba sai ya fara zubarwa. Sai ya ƙara wani ɗan gajeren taku kafin ya yi tsalle. Sai ya fice daga cikin sanduna a ta goma, kullum a ta goma. Da safe ya tashi a sandare, ko ya zauna ya karkatar da ƙugu gefe guda, ko ya tsaya yana shawara kafin ya hau mota. Mai shi in ba mai lura ba ne sai ya ce taurin kai ne, ya ƙara masa atisaye, ya ƙara wa ciwon gishiri.

Nan ne aikin masu tausa yake da daraja. Gwani a cikinsu ba ya fara taɓa kare sai ya sa an yi tafiya da shi gaba da baya, yana duban yadda kowace ƙafa ke sauka. Sannan ya bar karen ya kwanta da kansa. Ya ɗora tafin hannu a wuya, ya gangaro a hankali ta gefen ƙashin baya, ba ya danna ƙashin. In ya iso inda tsoka ta ɗaure, fatar wurin takan yi rawa a ƙarƙashin yatsunsa, karen ya lashi leɓe ko ya waiwayo ya dubi hannun. Sai ya sassauta, ya tsaya nan yana murzawa da sannu har numfashin karen ya yi tsawo. Daga nan ya koma cinya, da tsokar nan ta can cikin matsematsi wadda ke ɗaga ƙafar baya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen wahalar da karnukan wasa. Wasu cibiyoyin suna da injin tafiya a cikin ruwa, inda ruwan ke ɗauke wa gaɓoɓi nauyi, tsoka kuma na aiki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake murza ɗan dambe kafin ya shiga fage da bayan ya fito, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ni a wurina babban amfanin tausar shi ne akwai hannun da ya san jikin karen, wanda zai gane canji tun ciwo yana ƙarami.

Sai dai a nan nake da ƙorafi da wasu masu wasan, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai waɗanda suka mai da tausa hanyar kauce wa gaskiya. Kare ya fito zagayen safe yana ɗaga ƙafa, a ruga da shi rumfar mai tausa, a murza shi minti ashirin, a mai da shi fili da rana don kada kuɗin rajista ya tafi a banza. Wannan zalunci ne, ko da mai yin sa yana son karensa. Tausa ba ta ɗinke jijiyar gwiwa da ta tsinke, ba ta ganin tsagewar ƙashi. Murza tsokar da ta yage sabon yagewa ma ƙara ɓarna yake yi. Shi ya sa na yaba da dokar Ingila: tantance ciwon dabba aikin likitan dabbobi ne kaɗai, kuma dabbar da ke da rauni sai likita ya duba ta kafin mai gashin ƙashi ko mai tausa ya sa hannu. Mai tausa na ƙwarai shi da kansa zai ce maka wannan ya fi ƙarfina, kai shi a yi masa hoto. Wanda kuwa ya ce hannunsa na warkar da komai, a yi nesa da shi. Maganin da ya fi wahalar saye a wannan wasa shi ne hutu, makonni shida ko takwas kare na tafiya da igiya kawai, abokai na can suna cin kofuna.

Haka batun gaggawa da 'yan kwikwiyo. A Ingila kare ba ya shiga gasa sai ya kai wata 18, saboda ƙarshen ƙasusuwansa na nan da taushi har sai ya gama girma. Amma dokar ta tsaya ne a bakin filin gasa, ba ta bin mutum gida. Mai son ɗan karensa ya fara cin gasa ranar da ya cika wata 18, tun yana wata bakwai zai fara sa shi tsalle. Alhali akwai abin koyarwa da yawa a ƙasa: zuwa in an kira, jira, bin hannu, sanin inda ƙafafun bayansa suke. Sannu ba ta hana zuwa.

A yi wa hukumomin wasan adalci, sun gyara wasu abubuwa. A 2016 manyan ƙungiyoyi sun fara cire bututun ƙyalle da karnuka ke harɗewa a ciki. A 2020 Ingila ta rage tsayin shingen manyan karnuka daga santimita 65 zuwa 60, ta ƙara wani rukuni na matsakaita. Allunan da a da yashi da fenti ake shafa musu, yanzu roba ake shimfiɗawa. Amma karnukan ma kullum ƙara sauri suke yi, don haka gyaran bai ƙare ba.

Ba ina kiran kowa ya ajiye kare don wasa ba ne. Malamanmu sun yi bayanin dalilan da aka yarda a ajiye kare dominsu, farauta da kiwo da gadin gona, kuma wannan fagensu ne. Amma karen aiki ba baƙonmu ba ne. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa, tun muna yara muke jin sa. Dogon karen nan siriri na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, har Turai ake kiwon irinsa saboda gudunsa. Mafarautanmu kuma suna fita da karnuka a tsakiyar rani, su bi zomo da gada cikin ƙaya da tsakuwa, gudun da ya ninka na filin gasa. Na ga tsohon mafarauci ya durƙusa ya ɗora ƙafar karensa a gwiwa, yana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya yana zare ƙarangiya. Na kuma ga waɗanda ake cusawa a bayan mota cikin rana, wanda ya karye a bar shi a daji. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da masu wasan can suka koya da tsada, mai karen farauta ko na gadi zai iya ɗauka kyauta. A bar kare ya ɗan taka ya ɗumama jiki kafin gudu mai ƙarfi. A riƙe masa ruwa, a nema masa inuwa, domin ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, kuma zafin rana na kashe shi cikin ɗan lokaci. In an dawo a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a shafa baya da cinya a ga ko zai zabura. In yana ɗingishi a ɗaure shi ya huta, in ya kwana biyu bai sake ba a kai shi asibitin dabbobi. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin ibuprofen ko diclofenac, suna huda masa ciki su lalata ƙoda. A kuma riƙa yi masa allurar rigakafin haukan kare a kan lokaci, domin wannan kariya ce gare shi da kuma yaran gidan da ke wasa kusa da shi.