Turanci zalla ba zai nuna wa yaro bambancin daina da tsayawa ba

Tun da Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamba na 2025 cewa an soke tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare, wanda gwamnatin Buhari ta amince da shi a 2022, masu goyon bayan matakin ke ta maimaita magana guda: a tsunduma yaro cikin Turanci tun daga aji ɗaya, zai kama da kansa. Hujjarsu ita ce faɗuwar ɗalibai a WAEC da NECO da JAMB, kamar tsarin da ba a wadata shi da littattafai da malamai ba shi ne ya kayar da su.

Mu ɗauki wani ɗan yanki na Turancin mu gwada wannan magana, wato kalmomin ci gaba da na dainawa, waɗanda ba a rasa su a tambayoyin nahawu na waɗannan jarrabawa.

"He stopped smoking" na nufin ya daina shan taba. "He stopped to smoke" kuwa ya tsaya ne domin ya sha tabar. Na farko ya rabu da ita, na biyu yanzu ma zai kunna. Malamin da ya iya Hausa zai warware wannan cikin minti biyu, domin yaron ya taso da sanin cewa daina daban, tsaya daban. Haka "stop him from going", wanda hana shi tafiya ne. Kalma guda a Turanci, aiki uku, kuma kowanne da kalmarsa a bakin yaro. Amma malamin da aka haramta wa Hausa sai ya rubuta "gerund" da "infinitive" a allo, ga yaron da ko izinin fita shan ruwa bai iya nema da Turanci ba. Yaro ya haddace, ya rera tare da 'yan aji, ranar jarrabawa ya yi canki-canka.

Ɓangaren ci gaba ya fi tarko. "Continue" tana karɓar siffofin biyu, mai "-ing" da mai "to", ba tare da ma'ana ta sauya ba: "continue reading" da "continue to read" duk ci gaba da karatu ne. Daga nan yaro ke yanke hukuncin cewa sauran ma haka suke, kuma nan ne asalin kuskuren. "Go on talking" ci gaba da maganar da ake ciki ne, "go on to talk" kuwa an gama wani batu an shiga wani. "Keep", wadda ta yi daidai da "yi ta" ɗinmu, ba ta zama da "to" a irin wannan gini. "Keep trying" shi ne yi ta ƙoƙari, "keep to try" kuwa ba Turanci ba ne. "Give up" da "quit" ma siffar "-ing" kaɗai suke ɗauka. Ba a gane irin wannan ta hanyar saurare kawai, musamman inda malamin shi kansa yake cakuɗa su.

Illar ba ta tsaya a aji ba. A kwalin magani ana rubuta "discontinue use", wato a daina amfani da shi idan an ga ƙuraje ko kumburi. Mai rabin Turanci idonsa na faɗawa kan "continue" da ke cikin kalmar, ya ƙara shafawa. A labarai, "suspend" dakatarwa ce, "call off" janyewa, "put off" ɗagewa. Lokacin da ASUU ta kawo ƙarshen yajin aikinta na wata takwas a Oktoban 2022, dakatarwa ta ce ta yi, ma'ana ƙofar komawa a buɗe take. Uban da ya fahimci cewa an janye ne gaba ɗaya, an ba shi labarin da ba shi ba.

Masu cewa amfani da Hausa na hana yaro iya Turanci su koma su duba gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci na matsayin darasi guda a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Abin takaici ne a ce ƙasar da aka yi wannan aiki a cikinta ita ce yau ke rufe bakin malami daga harshen da ɗalibinsa ke tunani da shi.

Babu mai cewa a bar Turanci. A koyar da shi kullum tun daga aji ɗaya, amma a bar malami ya jera daina, tsaya, hana, dakata, fasa da ɗage a gefe guda na allo, takwarorinsu na Turanci a ɗaya gefen, yara su gina jimla da kowacce. Kwalejojin ilimi kuma su fara gwada masu neman shaidar NCE a kan waɗannan kalmomi kafin a tura su aji.