Doka ba ta zuwa wajen ɗaurin aure

Tun jiya nake ganin ana yaɗa maganar nan, wai da zarar an kafa shekara 18 a doka aka fara kama iyaye, to auren wuri ya ƙare a Katsina. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama ya ga yadda ake ɗaura aure a ƙauyukan Batsari ko Mai'aduwa ba.

Bayan an sauko Juma'a sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Wakilin ango ya nema, waliyyin yarinya ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a a shafa Fatiha, a raba goro da alawa. Ko minti goma ba a yi. A ina cikin nan ake tambayar takardar haihuwa? Yarinyar ma a ɗaki aka haife ta a hannun ungozoma, ba wanda ya je ofishin Hukumar Ƙidaya ya yi mata rajista. In aka matsa, takardar rantsuwar shekaru za a yanko, 'yar 14 ta koma 'yar 18 kafin la'asar.

Dokar kuma ba yau aka yi ta ba. Tun 2003 Dokar Haƙƙin Yara ta ƙasa ta haramta aure kafin shekara 18, ta tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar. Amma sashe na 29 na Kundin Tsarin Mulki, a batun ajiye zama ɗan ƙasa, ya ɗauki duk macen da ke da aure a matsayin cikakkiyar babba, wanda a kansa aka yi hayaniyar Sanata Yarima a 2013, kuma auren Musulunci da na gargajiya ba sa cikin abubuwan da Tarayya ta keɓe wa kanta. Shekara ashirin da ɗoriya dokar tana takarda, tabarma tana ƙofar gida.

Za a ce sai a tsaurara. Wa zai kai ƙara? Yarinya ce za ta kai mahaifinta gaban alƙali, ko mai unguwar da da shi aka shafa Fatiha? A Meziko an hana, auren rajista ya ragu, sai yaran suka koma zaman tare ba takarda. Abin da nake tsoro a nan shi ne mijin da ya ji ana kamu ya hana amarya zuwa awon ciki. Ka ga an ƙara mata wata cutar.

Kada wani ya ɗauka ina kare aurar da 'yar 13, wallahi ban yarda da shi ba. Ku je asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ku ga abin da nake nufi. Ƙugun yarinya bai gama buɗewa ba, naƙuda ta kwana biyu ko uku a gida, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina zuwa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai. Ga jijjiga, wadda ta fi kama mai cikin fari, alhali awon jini da allurar magnesium sulphate kan tare ta. Babu ɗaya a cikin waɗannan da sashen doka ke hanawa ranar naƙuda. Mota da tsakar dare, jinin da za a ƙara, likitan da zai yi tiyata a kan lokaci, su ne ke hanawa.

Abin da ke jinkirta aure kuwa makaranta ce. Uba a Safana, 'yarsa ta gama firamare, sakandare na nesa, hanya ba tsaro. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, wa zai ga laifinsa in ya ƙi kai ta makarantar kwana? Saura talla ko ɗakin miji, shi kuma ɗakin miji yake gani mutunci. Ka kawo masa aji kusa da gida, da katanga, da banɗaki, da malama mace, da ɗan tallafin da zai maye kuɗin talla, irin abin da shirin ilimin 'yan mata na AGILE ya sa a gaba, za ta kai 17 ko 18 ba ɗan sanda ko ɗaya.

Af, ma'aikatanmu na asibitocin karkara, don Allah: mace ta zo bayan doguwar naƙuda tana yoyo, a sa mata robar fitsari nan take, ta zauna mako huɗu zuwa shida tana shan ruwa sosai. Ƙaramar ɓula sabuwa takan haɗe da kanta ba tiyata. Dokta Kees Waaldijk, likitan tiyatar yoyon fitsari, ya daɗe yana koyar da wannan a Babbar Ruga, amma har yau ana sallamar mata a ce su dawo bayan wata uku.