Alhaji Ba Ya Jin Ciwo

Likita: Alhaji, ƙarin nan na hantarka ƙarami ne, ba sai an yanka ba, allura za mu soka mu ƙone shi. Amma kafin nan sai mun kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo.

Alhaji: Ku kashe me? Yaro, ni da aka cire wa haƙori ina amsa waya?

Hajiya: To jiya da aka ɗebi jininka wa aka yi wa fifita?

Alhaji: Zafin gari ne.

(ɗakin kuwa esi har sai da nas ta ɗauko bargo)

Likita: Gwajin jinin dole ne Hajiya, hanta ce ke haɗa abin da ke tsayar da jini, in ta gaza ba a soka allura haka kawai. Alhaji, ita allurar kashe jijiyoyin a bayanka za a yi, gefen ƙashin baya ta dama, muna kallo da sikanin, mu zuba maganin kashe ciwo bupivacaine, wurin ya mutu na awanni.

Alhaji: Hanta na gaba kai kana lallaɓawa baya? Anya ka gama makarantar nan?

Likita: Ranka ya daɗe jijiyoyin daga ƙashin baya suke fitowa su zagayo ta haƙarƙari, can tushe muke tare su. Tsokar hantar ma ba ta cika jin ciwo ba, tantanin da ya lulluɓe ta ne mai raki.

Alhaji: To ni tantanina ba ya raki. Kuma na gani a WhatsApp wai allurar baya na shanye ƙafa.

(shi fa duk wanda ya turo odiyo a guruf farfesa ne, wanda ya shekara yana karatun likitanci kuma yaro)

Likita: Kana dai iya jin ciwo a kafaɗar dama, jijiyar da ke kai wannan ciwon daga wuya take saukowa, maganin ba ya kaiwa can.

Alhaji: Alhamdulillahi, ashe akwai wadda ta fi ƙarfinku. Irin tawa ce.

Nas ta yaye tire, ga allurar ƙonawar nan doguwa tana sheƙi. Alhaji ya dubi silin, ya gyara hular da tun ɗazu aka cire masa.

Alhaji: Likita ɗan albarka, ta bayan nan guda nawa ake yi?

Likita: Yanzu ka ce ba ka so.

Alhaji: Ba don ni ba. Hajiya ce ba ta iya jin ihu, hawan jini gare ta. Yi biyu, ka duba kafaɗar ma.

Hajiya: Nas, kawo mafici.