Kalacin Safe a Chennai: Abin da Mutanenmu Ke Barin Ya Wuce Su

Duk Bahaushen da ya je kudancin Indiya, ko jinya ta kai shi ko karatu, kusan ƙorafinsa ɗaya ne: abincinsu ba nama, ga yaji, ga ɗanɗano baƙo. Na yi makonni a Chennai ina jinyar wani ɗan'uwana, kuma na ga yadda 'yan ƙasarmu ke maƙale wa burodi da shayi a masauki, ko su biya kuɗi mai yawa a ɗakin cin abinci na otal, alhali a bayan layin akwai ƙaramin shago da ake dafa kalaci mafi kyau a unguwar. Ra'ayina shi ne, da yawa daga masu wannan ƙorafi ba su taɓa zama sun ci ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kusancin abincin da namu. Idli, farin curin nan mai laushi, ƙullun shinkafa ne da aka haɗa da wani ƙaramin baƙin wake da suke kira urad, a jiƙa, a markaɗa, a bar shi ya kwana ya tashi da kansa ba tare da yis ba, sannan a turara shi kamar yadda ake turara alkubus. Dosa kuwa ɗan'uwan sinasir ne, sai dai ya fi shi faɗi da rashin kauri, kuma sukan jefa 'yar hulba a cikin ƙullunsa. Vada ƙosai ne mai huda a tsakiya. Ranar da na ga ana soya paniyaram a kasko mai ramuka, sai na tsaya ina kallo, domin da tandarsa da juyinsa da tsinke babu abin da ya raba shi da wainarmu ta bakin hanya.

Miyar da ake ci da su, wato sambar, ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tsaminta na tsamiya ne, kaurinta na dafaffen wake, kuma a cikinta ake samun dogayen 'ya'yan zogale da aka yayyanka, waɗanda mu a gida muke barin su su bushe a kan bishiya muna cin ganye kaɗai. Mutum zai tsotse cikinsu ya ajiye ɓawon a gefen ganyen ayabar da aka zuba masa abincin. Ma'aikaci yana zagayawa da bokitin ƙarfe yana ƙara wa kowa miya ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma da hannun dama ake ci, don haka babu wata sabuwar al'ada da Bahaushe zai koya.

Wasu suna ɗaukar araha alamar rashin inganci, amma a nan lissafin ya sha bamban. Abincin da ake turarawa ko soyawa a gaban idonka, kuma ake sayar da shi da zafinsa ga jerin direbobin keke mai ƙafa uku da ma'aikata masu saurin zuwa ofis, ba ya samun lokacin kwana. Hatta gwamnati ta gane matsayin wannan kalaci, domin a 2013 gwamnatin Jayalalithaa ta jihar Tamil Nadu, inda Chennai take, ta buɗe shagunan Amma Unavagam inda ake sayar da idli ɗaya a kan rupee ɗaya na kuɗin Indiya, kuma a 2017 jihar Karnataka ta bi sahu da nata shagunan a Bengaluru. Shagon da nake zuwa na ɗan kasuwa ne, ya fi waɗancan tsada, amma duk da haka cikakken kalaci da kofi bai kai rabin kuɗin shayin otal ba.

Akwai kuma batun da ya shafe mu a matsayin Musulmi. Yawancin irin waɗannan shaguna ba sa dafa nama ko kaɗan, saboda haka tambayar wa ya yanka ba ta ma tasowa.

Ba zan ce komai daidai yake ba. Akwai cunkoso, wani lokaci baƙo ne zai zauna a teburinka, kuma markaɗaɗɗen kwakwar da ake haɗawa da idli ba ya jure zafin Chennai, shi ya sa nake zuwa kafin ƙarfe takwas. Pongal ma, shinkafa da wake da aka dafa lugub da man shanu da masoro, yana da nauyin da ke saukar da barci, don haka ban ba mai zaman jiran likita shawarar cin sa ba.

Kofin da ake rufe kalacin da shi ana kawo shi ne a ƙaramin kofin ƙarfe da ke zaune cikin 'yar tasa, da madara da sukari, mai ci yana juye shi daga wannan zuwa wancan har ya huce ya yi kumfa. Mai shayi a Kano ma haka yake ɗaga hannu yana shiƙa shayinsa, kuma a kwana na uku na daina zubar da nawa a kan tebur.